Shin tururin wayar salula yana lalata DNA? Abin da aka gani a jikin ɓeraye

Wane irin tururi ne waya take fitarwa?

Waya tana magana da turken sadarwa ne ta zangon rediyo. Wannan tururi ba shi da ƙarfin da zai tsinke DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kai tsaye, kamar yadda hasken ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ko tururin nukiliya suke iya yi. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne yana iya ɗan ɗumama tsoka. Gardamar masana ta tsaya a kan ko akwai wata illa da ta wuce wannan ɗumi.

Me aka gani da aka gwada a kan dabbobi?

A 1995, Henry Lai da Narendra Singh na Jami'ar Washington sun ce sun ga DNA ta kakkarye a ƙwaƙwalwar ɓerayen da suka haska wa tururi. Wasu sun sake gwajin ba su ga haka ba, gardama ta daɗe.

Babban gwaji shi ne na hukumar NTP ta Amurka mai binciken abubuwan da ke cutar da jiki, wanda ya ci kusan dala miliyan 30, aka fitar da rahotonsa a 2018. An riƙa haska wa ɓeraye nau'i biyu, nau'in manya da nau'in ƙanana, tururin wayoyin 2G da 3G, kusan awa tara kullum, minti goma a kunne minti goma a kashe, har tsawon shekara biyu. Da aka duba DNA, an ga ɓarna a wani sashe na ƙwaƙwalwar mazan ɓeraye, da kuma a fararen ƙwayoyin jinin matan ƙananan ɓeraye. An kuma samu wani nau'in ciwon daji a zuciyar mazan manyan ɓeraye. A shekarar kuma Cibiyar Ramazzini ta Italiya ta ga irin wannan ciwo a zuciyar mazan ɓerayenta. Wannan haɗuwar ce ta sa na ɗauki maganar da muhimmanci.

To ta yaya zai taɓa DNA idan ba shi da wannan ƙarfi?

Wasu masana na hasashen yana sa ƙwayoyin jiki su riƙa fitar da wasu sinadarai masu cin DNA a hankali. Ba a tabbatar ba tukuna.

Ke nan mu ma muna cikin haɗari?

Ɓera ba mutum ba ne, kuma a duba yadda aka yi gwajin. An haska wa ɓerayen duk jikinsu, nau'in manyan ma tun suna cikin cikin uwa, da ƙarfin da ya kai wat 6 a kowane kilo na nauyin jiki ga manyan, wat 10 ga ƙananan, alhali iyakar da Amurka ta amince waya ta kai wa jiki ita ce wat 1.6 a kowane kilo, a ɗan wurin da ta taɓa kaɗai. Abin mamaki kuma, mazan manyan ɓerayen da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, tun 2011 ta sa tururin a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa ne ya jawo", ba "yana jawowa" ba.

Me ya kamata in yi?

Nisa yana rage tururin sosai. Ka riƙa amfani da sifika ko iyafis idan hira za ta yi tsawo, kada ka kwana da waya ƙarƙashin matashin kai. Inda sabis ya yi rauni, waya tana ƙara ƙarfi don ta kai ga turke, don haka a irin wurin ka taƙaita kira ko ka tura saƙo.