Iyakar da Windows ta sa wa ƙanƙantar taga

Ƙanena yana tsaron wani ɗan siber a Yantala, nan Yamai. Ya rubuta ƴar manhaja mai ƙirga mintocin da mutum ya ci a kan kwamfuta, yana so ta lafe a kusurwar allo kamar kan sarki a jikin wasiƙa. Ya kama gefen tagar da linzami yana ja, ta rage, ta rage, can sai ta cije. Ya kira ni: "Yaya, ko wani wuri na ɓata?" Na ce bai ɓata komai ba, doka ce ya ci karo da ita.

Duk tagar da ke da layin suna a sama da gefen da ake ja, Windows ta yanka mata iyaka. A Windows 10, in ba a ƙara girman rubutun allo ba, faɗinta ba ya kasa fiksel 136 (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoton allo), tsayi 39. Dalilin a fili yake: maɓallan nan uku, na saukarwa, na cika allo da na rufewa, sai sun samu mazauni, a kuma bar ɗan wurin da mutum zai kama ya matsar da tagar.

Amma dokar tana da ƙofa. Lokacin da ake jan tagar, Windows tana aika wa manhajar saƙon WM_GETMINMAXINFO, ɗauke da lambobin iyakar da ta yanka. In manhajar ta yi shiru, su ne za su yi aiki. In mai rubutun ya sa nasa a gurbin ptMinTrackSize, inda ake rubuta mafi ƙanƙantar girman taga, nasa za a bi. Manhajojin UWP, wani nau'in manhajojin Windows na daban, su kam an fi tsananta musu: iyakarsu ta asali 500 da 320 ce, kuma ko ka roƙi ragi ta umarnin SetPreferredMinSize, ba za ka sauka ƙasa da 192 da 48 ba.

Akwai gajeriyar hanya, wato a cire layin sunan da gefen gaba ɗaya, kuma ita ce ba ta kwanta mini ba. Dattijon da ya shigo buga takardar haihuwar ɗansa bai san ana rufe taga da danna Alt da F4 ba. Taga ta zauna masa a kan rubutu, babu alamar rufewa, babu inda zai kama, kuɗinsa kuwa suna ta tafiya.

Ƙanena ya bi ta saƙon, ya rage faɗin har inda lambobin mintoci suka tsaya daidai, ya bar maɓallin rufewa a inda kowa ya saba ganinsa.