Gida a hanyar ruwa: abin da dokar Amurka ta ɗora wa mai gida

Duk wanda zai sayi gida a Amurka da bashin banki, kafin ya sa hannu sai bankin ya duba ko filin yana cikin yankin ambaliya. Abin da binciken ya nuna kan ɗora wa mutum ɗawainiyar shekara da shekaru.

Maganar ta samo asali ne a 1968, lokacin da majalisar dokokin ƙasar ta kafa shirin inshorar ambaliya na tarayya, NFIP, wanda FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ke gudanarwa yanzu. Kamfanonin inshora sun daɗe suna gudun ambaliya, don idan ta zo ba gida ɗaya take ci ba, unguwa guda take kwashewa. Har gobe inshorar gida da aka saba ba ta biyan ɓarnarta. Sai gwamnati ta yi da garuruwa ba ni gishiri in ba ka manda: ku kafa dokar gini a hanyoyin ruwa, mu sayar wa mutanenku inshora.

FEMA ce ke zana taswirar yankunan ambaliya. Yankin da aka yi wa harafin A ko V shi ne mai haɗari, inda yiwuwar babbar ambaliya ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ana kiranta "ambaliyar shekara ɗari", sunan da a ganina ya cuci mutane da yawa, domin suna zaton sau ɗaya take zuwa a ƙarni. Ba haka ba ne. A shekaru 30 da ake biyan bashin gida, yiwuwar ta kai kashi 26 cikin 100.

Tun dokar 1973, wanda gidansa ke wannan yanki, kuma bashinsa ya fito daga bankin da gwamnatin tarayya ke sa wa ido, dole ya yanki inshorar ambaliya. Idan ya ƙi, bankin ya yanka masa ya ɗora a kan bashin. Iyakar abin da NFIP ke biya dala 250,000 ne na gini, da 100,000 na kayan ɗaki. Galibi kuma sai ta kwana 30 take fara aiki, saboda haka wanda ya jira sai hadari ya haɗo ya makara.

A wajen gini, sabon gida dole daɓensa na ƙasa ya kai tsayin da aka ƙiyasta ruwa zai kai. Tsohon gida ana ƙyale shi, amma da sharaɗi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Idan kuɗin gyara ko faɗaɗa shi ya kai rabin darajar ginin, ban da ta fili, ana ɗaukarsa tamkar sabo. Mutumin da ruwa ya riga ya durƙusar sai a ce masa ya ɗaga gidan sama ko ya rushe shi. Akwai tallafin da ya kai dala 30,000 a cikin inshorar don wannan aiki, sai dai sau da yawa ba ya isa.

'Yan uwanmu mazauna birnin Houston na jihar Texas sun ga iyakar taswira a watan Agustan 2017, sa'ad da guguwar Harvey ta nutsar da dubban gidajen da ba sa cikin yankin haɗari, mafi yawansu ba inshora. A 2018 birnin ya tsaurara dokarsa: sabon gini ko a yankin "ambaliyar shekara 500" yake, wato inda yiwuwarta ɗaya ce cikin 500 a kowace shekara, sai an ɗaga shi ƙafa biyu bisa tsayin wannan ambaliyar.