Takardar hutun ciwo ta waya: ku daina kira a rana ta huɗu

Da zarar damina ta kankama a Garwa da Marwa, saƙo iri ɗaya ke cika wayoyin ma'aikatan lafiya. Mutum zai turo murya ta WhatsApp: "Dokta, tun Litinin nake kwance, yau Alhamis, patron yana neman takarda, don Allah a rubuta min tun daga Litinin." A tambaye shi wane asibiti ya je, sai ya ce babu, ya sayi ƙwayoyi ne wurin mai tebur a bakin kasuwa. 'Yan'uwa, wannan ɗabi'ar ce ta ishe mu. A kwanta kwana uku a ɗaki ana haɗiyar magani, sai ranar da albashi ya shiga haɗari a tuna da likita. Lafiyar ba ta sa an ɗaga waya ba, takarda ce ta sa.

Dokar ƙwadago ta Kamaru ta shekarar 1992, a sashe na 32, ta ce ana jingine kwantiragin ma'aikaci idan ba shi da lafiya, har tsawon wata shida, amma da sharaɗin likita ya tabbatar da ciwon, ko dai likitan da mai kamfani ya amince da shi, ko na asibitin da gwamnati ta san da zamansa. Ku riƙe kalmar nan: ya tabbatar. Likita ba zai tabbatar da abin da bai gani ba. Wanda bai ji muryarka ran Litinin ba, ta yaya zai sa hannu cewa ran Litinin kana kwance? Takardar ƙarya laifi ce a dokar hukunta laifuka ta ƙasar nan, akwai tara akwai kurkuku, kuma mai sa hannu shi ne kan gaba. Saboda haka in an ƙi maka, kada ka ce likitan ba shi da mutunci.

To wa ke iya samun takardar hutu bayan ganawa ta waya? Mutane kaɗan ne, kuma kusan dukkansu abu ɗaya ya haɗa su: likitan ya riga ya san su. Wadda aka yi wa tiyata makon jiya, likitan da ya yi aikin ya duba ɗinkin ta bidiyo, ya ga bai kamata ta koma tsayuwa a shago ba tukuna, yana iya ƙara mata kwanaki. Wanda aka gwada jiya a asibiti aka samu zazzaɓin cizon sauro, yana tsakiyar maganin kwana uku, jiri bai sake shi ba, shi ma haka. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke da karne, wato littafin ganin likita, a asibitin, aka canza masa magani yana fama da kasala. Sai ƙananan cututtukan da ido ke iya gani ta kamara kuma suke yaɗuwa a wurin aiki, kamar ciwon idon nan apolo, ko mura mai nauyi da ba ta zo da zafin jiki sosai ba. Ko a nan ma hutun gajere ne, kwana ɗaya zuwa uku, kuma shawara tana hannun likita. Faransa, inda ganin likita ta bidiyo ya zama ruwan dare, tun 2024 ta taƙaita hutun da ake bayarwa ta wannan hanya zuwa kwana uku, sai fa in likitan da ya saba duba mutum ne. In su da ke da kayan aiki sun ja birki haka, mu da netuwok ke ɗaukewa tsakiyar magana fa?

Waɗanda waya ba ta ishe su ba sun fi yawa, kuma a nan ne nake so ku buɗe kunne. Zazzaɓi a ƙasar nan ba a yanke masa hukunci ta murya. Sai an ɗiga jini an yi gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro, wato TDR, wanda bai wuce minti ashirin ba. Zazzaɓin cizon sauro yana iya juyewa ya yi tsanani cikin kwana ɗaya, ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya shanye jini. Lokacin zafi kuma, daga Fabrairu zuwa Mayu, zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, musamman wajen Kusiri da bakin tafkin Chadi, kwalara ake tsoro, tana iya kashe babban mutum cikin awoyi. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, tarin da ya wuce mako biyu, mai ciki da ke zubar jini ko ciwon kai da kumburin ƙafa, saran maciji: babu ɗaya daga cikinsu da ke neman takarda, mashin suke nema zuwa asibiti yanzu-yanzu.

Raunin da aka ji a bakin aiki shi ma ba na waya ba ne. Lebura a kamfanin auduga da inji ya datse wa yatsa, ko direban da ya yi hatsari a hanyar Ngaundere, hakkinsa yana wurin CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, kuma sai da takardar likitan da ya ga raunin da idonsa ya kwatanta shi. Wanda ya zauna a gida yana ɗaure hannu da tsumma, sai bayan mako ya turo hoto, ya wahalar da maganar diyyarsa da kansa.

Na dawo kan masu rana ta huɗu, don ba su san abin da suke yi wa kansu ba. Farasitamol yana sauke zafin jiki, ba ya kashe ciwon. Ka sha maganin maleriya rabi da rabi, ka zo bayan kwana uku, a duba jininka a madubin gwaji a rasa komai. Ka ga ke nan ciwon ya ci ka, shaidar kuma ta goge. Mu da muke son taimakonka, me za mu rubuta? In kuwa taifot ne ko wani abu daban, ka ba shi kwana uku kyauta yana ci gaba. Malam, Hajiya, mun san kuɗin mashin da na kati da na gwaji ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, mun san layi yana da tsawo. Amma kwana biyar a gadon asibiti da ledar ƙarin ruwa sun fi haka tsada nesa ba kusa ba. Kira ɗaya a ranar farko ya isa a ce maka zauna ka huta, ko a ce taso maza.

Kuma don Allah ku daina aiko wani. Matar ta kira a madadin miji, ƙane a madadin yaya, "ba ya iya magana, a dai rubuta." Wanda ba ya iya magana a waya ai ɗauko shi za a yi. Haka nan masu tura kuɗi ga wata lambar da ba su san mai ita ba, a turo musu hoton takarda da hatimi cikin minti biyar ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Ofishin ma'aikata yana iya kiran asibitin ya bincika. In aka ce ba a san sunan ba, aikin ne zai tafi gaba ɗaya.

In za ka kira, ga abin yi a gurguje:

- Kira a ranar da ciwon ya fara, kuma ka sanar da wurin aiki a ranar.
- Kira likita ko asibitin da ke da karnenka.
- Auna zafin jiki kafin ka sha komai. In ya kai 38, shirya zuwa gwaji.
- Tara kwalayen duk maganin da ka sha, har na gargajiya, ka nuna.
- Bidiyo a wuri mai haske, kai da kanka, katin shaida a hannu.

Takardar da aka ba ka, duba ta kafin ka miƙa. Sunanka ya zama daidai da na katin shaida. A ga ranar da aka gan ka, adadin kwanakin hutu, ranar farawa da ta ƙarewa, sunan likita da lambar rajistarsa ta ƙungiyar likitoci ta ƙasa, sa hannu da hatimi. Ba a rubuta sunan ciwon a kai, wannan sirri ne tsakaninka da likita, patron ba shi da hurumin matsa maka ka faɗa. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin daban, su tambayi ofishinsu. Wuraren aiki da dama ba sa karɓar hoton waya sai a matsayin sanarwa, don haka ka tura hoton a ranar, ka aiki yaro ya karɓo ta asali a asibiti, ka yi fotokofi ɗaya ka ajiye cikin karne. In kwanakin suka ƙare jiki bai saki ba, kada ka sake kira neman ƙari. Wannan karon da ƙafarka za ka zo, kafin ranar ƙarshe ta cika.