A ƙasar sarauta, ba lallai sarki ne ke juya kowane lardi ba

Tun da daɗewa mutane da yawa sun ɗauka duk ƙasar da sarki ke kai, to shi ke naɗa kowane gwamna, shi ke yanke komai har ƙauye. Ba laifin kowa bane, sunan ne ke ruɗi, amma abun ba ɗaya bane a ko'ina.

A Saudiyya kam kusan haka ne, yankuna 13 ne kuma sarki ke naɗa amir ɗin kowanne, bisa dokar larduna ta 1992. Amma ku duba Sifen, ita ma da sarkinta, sai dai bayan tsarin mulkin 1978 an samu yankuna 17 masu cin gashin kansu, kowanne da majalisar da jama'a suka zaɓa, su ke riƙe da makarantu da asibitoci, shugaban yanki ma majalisar ce ke zaɓo shi, sarki hannu kawai yake sawa a takarda. Holan, ita ma mai sarki, larduna 12 gare ta, ana zaɓen majalisar lardi duk shekara 4. Tailan kuma, wadda ita ma ke da sarki, gwamnonin larduna 76 ma'aikatan gwamnati ne da ake turowa, Bankok, babban birnin ƙasar, ce ke zaɓen nata gwamnan.

In kana son tabbatarwa, nemo tsarin mulkin ƙasar a intanet ka buɗe babin yankuna, duba wa ke naɗa gwamna, wa zai iya cire shi, kuɗin yankin daga ina suke fitowa. A ganina batun kuɗin nan ya fi tona asiri.

Dan Allah a tura wa wasu su ma su karanta.