Kafin ku tara iri a dajin gajimare, ku san lokacin furensa

Dajin gajimare shi ne wanda ke kan tsaunukan ƙasashe masu zafi, yawanci tsakanin mita 1,000 da 3,000 sama da teku, inda gajimare ke saukowa ya lulluɓe itatuwa kusan kullum. Akwai irinsa a Montebarde ta Kosta Rika, da dutsen Kamaru, da Ngel Nyaki a tsaunin Mambila. Da yake ganye shar yake duk shekara, masu neman iri don dashe sukan ɗauka ko yaushe aka shiga za a samu. Nan ne ake yin asarar tafiya.

Itatuwa da yawa suna fure ne idan ruwa ya tsagaita rana ta ratso, 'ya'yan su nuna bayan damina ta sauka. Sai dai tsayi na canza lissafin. Duk hawan mita 100, zafi na raguwa da kusan digiri 0.6, shi ya sa itacen gindin dutse kan riga ɗan'uwansa na sama nuna. Wani ya yi 'ya'ya bana, baɗi ya huta. A tsaunukan kudancin Indiya ma akwai wani ƙaramin itace da ake kira nilakurinji, mai fure sau ɗaya a shekara 12. Ya yi a 2006, ya sake a 2018. Dangin ɓaure kuwa kowane itace da nasa lokacin.

Saboda haka ku riƙe littafi. Ku zaɓi iyayen itatuwa 15 zuwa 30 daga kowane nau'i, da tazarar aƙalla mita 50 tsakaninsu don kada a tara 'yan gida ɗaya, ku ba kowanne lamba. Duk mako biyu ku zaga ku rubuta abin da kuka gani: toho, fure, ɗanyun 'ya'ya ko nunannu. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an yi biyu ko uku. Itacen da ke fure kullum ba ya 'ya'ya, wataƙila namiji ne, domin wasu nau'ukan mace daban namiji daban.

Ranar tsinka, ku fasa ƙwaya 10 tukuna. In ciki fari ne a cike da tauri, iri ya ƙosa; in fanko ne ko da tsutsa, ku wuce. Kada ku ɗebi fiye da kashi 20 cikin 100 na nunannun, sauran rabon tsuntsaye ne da jemagu da birai, su ne ke baza irin a daji.

Babban kuskure shi ne shanya. Irin itatuwan nan da dama, musamman dangin abokado na daji, yana mutuwa da zarar ya bushe. Ku wanke naman 'ya'yan, ku shuka cikin 'yan kwanaki a inuwa. In tafiya ta yi nisa, ku zuba shi cikin dusar katako mai ɗanshi a buhun da iska ke shiga. Ledar da aka ɗaure tana tara zafi, fumfuna ta kama shi tun a hanya.