Fibi ta Kankiriya

Fibi mace ce Kirista da ta rayu a ƙarni na farko miladiyya a Kankiriya, garin tashar jiragen ruwa da ke gabas da birnin Koranti a ƙasar Girka. Sau ɗaya tak aka ambaci sunanta a Sabon Alkawari, a ayoyi biyu na farkon sura ta 16 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 57. Bulus ya kira ta 'yar'uwa, ya roƙi masu bi na Roma su karɓe ta hannu bibbiyu, su taimaka mata da duk abin da take bukata, shi ya sa malamai da yawa suke ganin ita ce ta kai wasiƙar Roma.

Kalmomi biyu na Girkanci da Bulus ya siffanta ta da su ne suka sa ake ta nazari a kanta. Ta farko ita ce diakonos, wato mai hidima, kalmar da Bulus ya yi amfani da ita ga kansa a wasu wasiƙun. Don haka masu fassarar da suka mayar da ita baiwa ko 'yar aiki kawai sun rage mata matsayi. Ta biyu ita ce prostatis, wadda take nufin mai hali da ke tsaya wa wasu da dukiyarta da mutuncinta, kuma Bulus ya ce shi kansa yana cikin waɗanda ta tsaya wa.

Hidimar mata a ikilisiya ba ta tsaya a kan Fibi kaɗai ba. Wajen shekara ta 112, Filini Ƙarami, gwamnan lardin Bitiniya a daular Roma, ya rubuta wa Tarajan, sarkin Roma, cewa ya sa an azabtar da bayi mata biyu waɗanda Kiristoci suke kira masu hidima. A Siriya ta ƙarni na uku, mata masu hidima ne suke shafa wa mata mai lokacin baftisma, su kuma shiga gidajen da bai dace namiji ya shiga ba domin duba marasa lafiya. Babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a garin Kalsidon a shekara ta 451 ya ƙayyade cewa kada a naɗa mace wannan muƙami sai ta kai shekara 40. A Dutsen Zaitun da ke Urushalima an samu rubutun wani kabari na wata mai hidima mai suna Sofiya, wadda aka yi wa laƙabi da Fibi ta biyu.