Waiwaye: Wutar lantarki da ruwan Goronyo, daga ina aka faro?

Duk lokacin da aka tayar da maganar sa injin samar da wutar lantarki a madatsar ruwa ta Goronyo, sai Sakkwatawa su rabu biyu: masu cewa duhu ya ishe su, da masu fargabar famfo zai ƙara ƙafewa. Wannan fargaba tana da tushe.

Farkon labarin sananne ne. Bayan farin 1973 aka duƙufa gina madatsu. An kammala ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, har da ɗan injin lantarki, sai ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, domin noman rani da ruwan sha. Ambaliyar 2010 kuwa har gobe ana ba da labarinta.

Wanda aka yi saurin mantawa shi ne ranin 2018. Damina ba ta yi kyau ba a 2017, kafin watan Maris ruwan Goronyo ya ja baya har saura kusan kashi 10 cikin 100. Inda masunta ke jefa koma ya zama busasshiyar laka mai tsattsagewa. A cikin garin Sakkwato, wanda ke shan ruwan Goronyo, 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki suka zama abin nema. Kuma fa ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ba ne. Shekara da shekaru yashi da laka na kwararowa suna cike cikin tafkin, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana shanye ruwan tafkin. Ruwan sama na dawowa aka daina maganar.

Injin lantarki ba ya juyawa sai an saki ruwa, kuma ƙarfinsa na raguwa idan tafki ya yi ƙasa. Da akwai shi a 2018, da dole a zaɓa tsakanin wuta da ruwan sha.

Abin da ya fi damuna, ruwan da Goronyo ke aiko mana sau ɗaya muke amfani da shi, ya bi kwata ya lalace. Da ana tara shi a tace, zai shayar da albasa da shinkafar fadamun kusa da gari, a rage abin da ake saki daga madatsar da rani. Masu son a kawo injin su fara kawo mana lissafin tace ruwan nan da na yashe tafkin.